Manhajar da Radiyya Ba Ta Gwada Ba

Malam Shafi'u bai yi sallama ba. Ya jingine babur ɗinsa a bakin shagon, ya shigo gumi ya jiƙe masa riga, ya dire waya a kan teburin Radiyya da ƙarfin da ya sa 'yan matan da take koya wa kwamfuta suka ɗago kai.

"Ke ce Radiyya mai Kundin Gwaji?"

"Ni ce, Malam. Lahiya?"

"Ina lahiya? Duba wagga waya ki hwaɗa mani inda mutanena sunka shiga."

Radiyya na da shago a bakin kasuwar Isa, inda take buga takardu da koyar da kwamfuta. Shekarar da aka yanke sabis ɗin waya a yankin na tsawon watanni, ta ga yadda malaman asibiti da na makaranta da 'yan kasuwa suka rasa yadda za su yi da manhajojin da ke wayoyinsu, domin duk an gina su ne don garuruwan da intanet ba ta ɗaukewa. Da sabis ya dawo sai ta ɗora wa kanta wani aiki. Akwai manhajojin da mutum zai haɗa fom, ko shafin talla, ko rajistar kaya da hannunsa, ba sai ya iya rubuta kod irin na masana kwamfuta ba. Suna da yawa ƙwarai, kuma kowace yabon kanta take yi. Sai Radiyya ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa a wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Takan kashe data ta cika fom ɗari. Takan bar batir ya mutu ta ga abin da zai saura. Takan ba mai sayar da taki ko ungozoma su yi mako da manhajar su dawo mata da ƙorafi. Sannan ta rubuta abin da ta gani da Hausa don shafin intanet da ta sa wa suna Kundin Gwaji, ta rufe da kalmomi uku: Radiyya ta gwada.

Cikin shekara biyu manhaja talatin da bakwai kawai ta gama. Ɗan kawunta Lawwali, wanda ke zaune a Sabon Birni, shi ke kula da shafin intanet ɗin. Ita ta rubuta ta tura masa ta waya, shi ya ɗora.

Malam Shafi'u kuwa sakataren ƙungiyar manoman gero ne a Bafarawa. Wata ƙungiyar agaji ta yi musu alkawarin iri mai saurin nuna, da sharaɗin a kawo sunan kowane manomi da hotonsa da ƙauyensu kafin ƙarshen wata. Ya duba kundin, ya zaɓi manhajar da aka ce tana aiki ba sabis, ya haɗa fom, ya hau babur.

"Kwana tara," in ji shi. "Kwana tara ina bin hanyoyin da ko mai kakin soja ba ya bi shi kaɗai. Akwai ƙauyen da na iske mutanen sun dawo ke nan daga gudun hijira, ko ƙyaure ba su mayar ba. Tsohuwa ta saka mayafinta na Salla don a ɗauke ta hoto. Mutum ɗari huɗu da sha biyu! Jiya na shigo inda sabis yake don in tura, sai na iske hamsin. Hamsin, Radiyya! Ina sauran?"

"Wace manhaja ce?"

"Lamba tamanin da huɗu."

Radiyya ta dube shi. "Malam, kundina bai kai arba'in ba."

Ya fizgi wayar, ya latsa, ya miƙa mata har kusa da hanci. Shafinta ne, da koren launinsa da sunansa. Amma jerin bai tsaya a talatin da bakwai ba. Ta ja da yatsa, ta ja, ta ja, sai da ta kai ɗari da tamanin. A lamba tamanin da huɗu an ba da taurari biyar, an rubuta cewa tana adana bayani komai yawansa ko babu sabis. A ƙasa kuma ga kalmomin nan uku da sunanta.

Ta sallami ɗalibanta, ta jawo tsohuwar wayar, ta sauke manhajar da ɗan sabis ɗin da ke shagon. Ta haɗa fom mai layi ɗaya, ta kashe data, ta fara cikawa. Duk wanda ta cika sai alama koriya ta fito wai an adana. Goma, talatin, hamsin. Da ta cika na hamsin da ɗaya, alamar ta sake fitowa kamar kullum, amma lissafin bai motsa daga hamsin ba. Ta koma sama. Sunan farko ya ɓace. Kowane sabo yana shafe mafi tsufa, shiru, ba ko gargaɗi.

Minti ashirin gwajin ya ɗauke ta.

"Wallahi Malam ban taɓa ganin wagga manhaja ba sai yau," in ji ta. "Ba ni na rubuta ba."

"To wa?"

"Wanda ke ɗora mani rubutu."

"Ni ban san shi ba. Sunanki na gani." Ya karɓi wayarsa ya jefa a aljihu. "Kuma in tambaye ki: shago naki, a zuba maki kaya ɗari da arba'in ba ki sani ba? Yaushe rabonki da ki leƙa?"

Wata biyu ke nan ba ta buɗe shafin ba. Yana da nauyin buɗewa a Isa, kuma ta saba da cewa abin da ta tura shi Lawwali ke ɗorawa.

"Kwana huɗu sunka rage," in ji Malam Shafi'u daga bakin ƙofa. "Ki je ki hwaɗa wa tsohuwar nan ba ke kika rubuta ba."

Ta kira Lawwali sau shida. A na bakwai ya ɗauka, ya ce sabis ba kyau, ya kashe. Da mijinta Jabir ya dawo daga kasuwa ta nuna masa komai, ta ce gobe za ta Sabon Birni. Ya ce hanya ba ta da daɗi, ta bari a yi maganar ta waya.

"Wanda ya ɓata mani suna ba ya ɗaukar waya," in ji ta. "Za ni in dube shi ido da ido."

Da safe Jabir ya raka ta tasha. Motocin ba sa tashi ɗaya ɗaya, sai sun taru sun bi juna. A hanya babu mai hira. Sun wuce Gatawa, gonaki a share suna jiran ruwa, wasu kuma ciyawar bara na nan tsaye ba wanda ya taɓa. Radiyya ba ta ga rabinsu ba. Tana ta karanta bayanan da aka rubuta da sunanta, Hausar da ba tata ba, yabo a kan yabo, babu manhaja ko ɗaya mai aibi.

Ta iske Lawwali a gida, yana zaune ƙarƙashin rumfa da kwamfuta a cinya. Mahaifiyarsa Inno na gefe tana tsince wake a faifai. Radiyya ta durƙusa ta gaida Inno yadda ya kamata, ta ƙi shan ruwan da aka miƙo mata, ta juya gare shi. Su taubasai ne, tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsokana, kuma Yaya take kiransa. Yau ba ta kira shi da komai ba.

"Wa ya gwada lamba tamanin da huɗu?"

"Ki zauna tukuna, ƙanwata."

"Wa ya gwada ta?"

Ya rufe kwamfutar. "Ba wanda ya gwada. Ki saurara in maki bayani."

Bayanin shi ne, wata gidauniya a Abuja ta sa gasa ga masu ayyukan fasaha na yankunan karkara. Wanda ya ci za a ba shi sola da na'urar intanet mai kama sabis daga sama, wadda ba ruwanta da yankewar layi. Ya shigar da kundin. Da ya duba abokan takara sai ya ga mai manhaja ɗari uku, mai ɗari biyar. Shi ne ya bi shafukan kamfanonin da suka ƙera manhajojin ya kwaso abin da suka faɗa game da kansu, ya ba manhajar fassara ta juya, ya gyara, ya ɗora.

"Don ke na yi," in ji shi. "Ke kina kwashe sati biyu kan manhaja guda. Da wagga tahiya sai mun tsufa ba mu kai ɗari ba. Wa za ya dubi talatin da bakwai? Mun kai zagaye na ƙarshe, Radiyya. Kwana goma sunka rage. In munka ci, sai ki zauna da intanet mai ƙarfi ki gwada su duka, mu gyara abin da ba daidai ba."

"Mi ya hana ka sa sunanka?"

"Sunanki mutane sunka sani."

"Ashe ka san abin da kake sayarwa!" Ta miƙe tsaye, muryarta ta cika tsakar gidan. "Shekara biyu ina zaune da waya mai tsagaggen gilashi ina cika fom kamar mahaukaciya, don in na ce abu na aiki a yarda. Shi ke nan abin da nike da shi. Ba ni da ɗari biyar. Kai kuma ka ɗauka ka manna wa tallar kamfani! Ka san Malam Shafi'u na Bafarawa? Kwana tara ya yi a daji da ranshi a hannu. Mutum ɗari uku da sittin da biyu sun ɓace daga wayarshi saboda taurarinka biyar. Iri ne za su rasa, Lawwali, ga ruwa na shirin sauka!"

Fuskarsa ta sauya, amma bai sauko ba. "Wannan kuskure guda ne. Sai in cire ta yanzu."

"Sauran ɗari da arba'in da biyun fa? Ka san wadda za ta ci wani gobe? Akwai ungozomomi da ke duba kundin ga!"

"Ke kaɗai kika wahala? Wa ya gina shafin? Wa ke tashi ya gyara in ya lalace? Ko sau ɗaya kin taɓa tambayar yadda nike yi? Kin turo rubutu kin kwanta, ke ce mai suna, ni ne ɗan aike!"

"To yau ɗan aike ya zama mai ƙarya da bakin wanda ya aike shi."

"Ke Radiyya," in ji Inno, ba ta ɗago daga faifan ba. "Rage murya, maƙwabta na ji." Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Kai kuma Lawwali, ban gane zancen na'urarku ba. Amma abin da ba ta ɗanɗana ba, ka ce ta ɗanɗana ta ce da daɗi?"

Ya sake buɗe kwamfutar.

"Ba ta makullin abinta," in ji Inno.

"Inno, ba za ki gane ba. Kwana goma kawai."

Radiyya ta miƙa hannu. "Lambar sirrin shafin. Yanzu."

"Bayan gasa," in ji shi. "Wallahi ba ni bari ki rusa abin da munka gina saboda zuciya. In kin huce za ki gode mani."

Radiyya ta ciro wayarta, ta buɗe dandalin da take tura wa mutane sanarwa, inda malaman asibiti da na makaranta da 'yan kasuwar da ke kai kaya Nijar suke, mutum fiye da ɗari bakwai. Ta danna wurin ɗaukar murya, a gabansa, a gaban Inno.

"Assalamu alaikum. Radiyya ce ta Kundin Gwaji. Duk manhajar da ke cikin kundin daga lamba talatin da takwas zuwa ƙarshe, ban gwada ta ba. Ƙarya anka rubuta da sunana, ni kuma na yi sakaci ban duba ba. Kada wanda ya yi aiki da su. Wanda ya riga ya hwara, ya kira ni yau. Ku tura wa duk wanda kunka sani."

Lawwali ya zabura, kwamfutar ta kusa faɗuwa. "Kada ki tura! Alƙalan gasar na cikin dandalin ga, ni na saka su!"

Ta tura.

Ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. "Kin kashe mu," in ji shi. Ya shige ɗaki ya bugo ƙofa.

Inno ta ajiye faifan. "Da kin bari kawunki ya dawo, ɗiyata. Zumunci ba a yanka shi da rana tsaka."

"Inno, ki gafarce ni. Mutane na can suna cika fom."

Ta kama motar azahar ta koma Isa. Kafin ta sauka mutum goma sha ɗaya sun kira ta. Akwai malamar asibitin da ta fara rajistar masu juna biyu da lamba ɗari da shida, akwai wani ɗan kasuwa da ya zage ta tas kafin ya faɗi sunansa. Ta saurari kowa, ta ce su kwafe abin da suka shigar a takarda tun bai ɓace ba.

Washegari ranar kasuwar Bafarawa ce. Jabir ya rufe rumfarsa ya ɗauke ta a babur. Ta tafi da wayoyi uku da ta ɗora wa manhaja ta lamba goma sha biyu, wadda ta taɓa cika wa fom ɗari shida ba sabis ba ta zubar da ko ɗaya ba, da kuma littafin rubutu mai kauri. Malam Shafi'u ya karɓe su ba fara'a. Ya sa mai shela ya zaga kasuwa, ya aika da saƙo ƙauyuka ta bakin masu babur. Suka kafa tebur a gindin wata bishiyar bedi. Duk wanda aka ɗauka a waya, sai Jabir ya sake rubuta sunansa a littafi.

Mutane sun zo, amma ba da daɗin rai ba.

"Ba an ɗauke mu ba wancan sati?" in ji wani dattijo. "Ko hoton namu anka sayar?"

Malam Shafi'u ya nuna Radiyya da haɓa. "Tambaye ta."

Ta yi bayani. Ta sake yi wa na bayansa, da na bayan wancan. Wasu suka yi tsaki suka tsaya, wasu suka yi tsaki suka tafi. Wata mata ta ce ita ba za a mayar da ita abin wasa ba, sai da Radiyya ta bi ta har wurin masu daddawa tana ba ta haƙuri. Duk sanda ta maimaita labarin sai ta ji zuciyarta ta sake tafasa.

Kwana uku suka yi a haka. Ranar da wa'adi ya cika, da hamsin ɗin da suka tsira da waɗanda aka sake ɗauka, suka tura sunan mutum ɗari biyu da casa'in. Malam Shafi'u ya roƙi ƙungiyar agajin ta ƙara kwana biyu, aka ce an riga an rufe lissafin buhuna. Ƙauyuka uku mafi nisa ba wanda ya iya fitowa daga cikinsu, domin an ga mahara a hanyar a makon. Cikinsu har da ƙauyen tsohuwar nan mai mayafin Salla. Su sai tsohon irinsu suka shuka.

An cire kundin daga gasar. Mako uku bayan haka saƙo ya shigo wayar Radiyya daga Lawwali, ba gaisuwa, ba komai, sai lambar sirri kawai. Ta zauna ta goge ɗari da arba'in da uku da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, sabis na ɗaukewa yana dawowa. Yini biyu ta yi. Ta koyi ɗora rubutu da kanta, shafin ya yi muni fiye da da, hotuna suka karkace, ba ta damu ba. Kawunta ya kira ya yi mata faɗa mai tsawo a kan tona asirin ɗan'uwa a bainar jama'a. Ta saurara har ya gama, ta ce ko sunan Lawwali ba ta ambata ba. Ya ce kowa ya san wanda ake nufi. Da Babbar Salla ta je gaida Inno, Lawwali ya amsa sallamarta ya fice.

Bayan an yi noman farko Malam Shafi'u ya sake zuwa shagon, wannan karon da sallama. Takardun taron ƙungiya ya kawo a buga masa. A hammatarsa akwai littafin rubutu, ya ce shi da fom ɗin waya har abada. Tana bugawa ta ce masa ta mayar da manhajar nan cikin kundin, da gargaɗi da jan rubutu, kuma tana so a sa maganar wanda abin ya faɗa wa.

"Ki rubuta yadda na hwaɗa?"

"Yadda ka hwaɗa."

Ya gyara tsayuwa. "Rubuta. Ni Shafi'u na Bafarawa na yi aiki da ita. Tana nuna maka kore alhali tana cin amanarka. Mutum ɗari da ashirin da biyu sun rasa iri ta dalilinta, da dalilin waɗanda sunka yabe ta ba su gwada ba, da wadda ta bar shagonta ba tsaro." Ya dube ta. "Ko za ki cire na ƙarshen?"

Radiyya ta ci gaba da bugawa. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar ya karanta da kansa, yana bin layin da yatsa. Ya gyaɗa kai, ya tattara takardunsa, ya ce hadari na haɗowa ta gabas, gara ya kama hanya tun rafi bai kawo ba.